Abin da Na Zuba a Tabkin Bagaruwa

Ni na yi laifin, ba Ɗayyabu ba. Na sa wannan a farko ne don kada ƙarfin halina ya ƙare kafin in kai ƙarshe. Sunana Haruna. Masunci ne ni tun ina yaro, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babban kogin da muke ce wa bahar, kudu da Sinja a ƙasar Sudan. Karatuna bai wuce allo da 'yan shekaru a makarantar gwamnati ba, don haka wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri. Ɗayyabu ƙanin matata Hawwa ne, Allah ya jiƙanta. Shekara talatin da ɗoriya mutanen ƙauyenmu na cewa shi ya kashe Tabkin Bagaruwa, ni kuwa ina zaune cikinsu ina ji.

Azumin bana ne ya tayar da maganar. Ya zagayo ya sake faɗowa a kaka, lokacin da damina ta ɗauke amma sanyi bai shigo ba, iska ta tsaya cik, zufa na fita ba ta bushewa. Haka ya faɗo a waccan shekara, farkon shekarun saba'in. Tun daren farko da na kwanta a tsakar gida na ji zafin ƙasa na ratso tabarma, na san wannan watan ba zai bar ni ba.

Tabkin Bagaruwa kwari ne mai faɗi a bayan ƙauye, irin wanda Larabawa ke ce wa maya. Itatuwan bagaruwa sun kewaye shi. Wata 'yar hanyar ruwa ta haɗa shi da bahar, muna ce mata baki. In bahar ya cika da damina, jan ruwa ya shigo ta bakin, kifi ya biyo shi ya zuba ƙwai cikin saiwoyi. In ruwa ya fara janyewa, 'ya'yan kifi su bi bakin su koma bahar, manya su rage mana. Al'adar da kakanninmu suka zo da ita daga yamma ita ce, ba mai jiƙa taru a tabkin sai Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifin gayya. Ranar nan kowa zai shiga, kowane gida ya samu rabo, har gidan da ba namiji. Sarkin Ruwa a lokacin surukina ne, Baba Abakar, mahaifin Hawwa da Ɗayyabu.

Kafin waccan shekara tabkin ya daɗe yana lalacewa. Bakin ya cike da rairayi da laka. Wata damina ruwa ya leƙo kaɗan, wata damina ko leƙowa bai yi ba. Kifin bahar ma ya ragu, ba mu san dalili ba. Mukan ce zamani ne.

Ɗayyabu shi kaɗai ne ɗan ƙauyenmu da ya kai jami'a a Hartum. Yana shekarar ƙarshe, kuma a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya zaɓi wani aiki ya je ya bincika da hannunsa, ya kawo wa malamansa abin da ya gano. Shi ya zaɓi tabkin ubansa. Da bazara ya sauka daga lorin Sinja da akwatin katako cike da kwalabe, da wani allo mai zane-zane na awon tsawon kifi, da galan na wani farin ruwa da ake ajiye kifi a ciki don kada ya ruɓe. Warin ruwan nan na sa hawaye.

Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Na ɗauki akwatin ina cewa, “Diktor, a Hartum kifi ma makaranta yake shiga?”

Ya ce, “Yana shiga, Yaya Haruna. Ya ma fi wasu masunta saurin ganewa.”

“To, in ya gama karatun ka ce ya zo ya shiga taruna.”

“Tarunka da ko sauro ba ya wucewa? Ai kai ba masunci ba ne, mai tankaɗe ne.”

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini, domin gaskiya ce. Idon taruna ƙanana ne ƙwarai.

Baba Abakar ya ce in riƙa kai shi inda yake so a jirgina. Wata rana kuma ya ce ba jirgi yake so ba, ƙafa. Muka bi kwarin da ke gangaro da ruwan sama daga tudu zuwa bakin tabkin, muka yi ta hawa har muka isa inda dā kurmi ne. Kututture kawai suka rage, da baƙaƙen ramukan gawayi. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya sake ta, iska ta ɗauka.

Ya ce, “Ka ga wagga ƙasa? Ita ce ke bakin tabkin yanzu. Dā saiwa na riƙe da ita. Tabkin daga nan sama ya fara mutuwa.”

Da yawa cikin kututturen nan aikin gatarina ne, kuma ya sani. Bai faɗa ba, amma na ji kamar ya faɗa.

Abin da ya kawo wa dattawa bai da wuya. A haƙe bakin kafin damina. A shuka ƙwayar bagaruwa a gefen kwarin. In ruwa ya shigo, a bar tabkin ya huta har 'ya'yan kifi su fita, sannan a yi su da taru mai manyan idanu. Ya ce in aka yi haka 'yan shekaru, har bahar zai ji. Baba Abakar ya saurara da idonsa a rufe, sannan ya ce, “Wanga ai abin da ubana ke yi ne, in ban da kwalabe.” Ya kira gayya, wadda yaran yanzu ke ce wa nafir.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba. Zafin bazarar nan, mutum ya taka ƙasa ba takalmi sai tafin ƙafarsa ya tashi. Baƙar lakar ta bushe ta tsattsage, diga na dukanta tana tsalle. Mukan fara da asuba, mu tsaya in rana ta take, mu koma bayan la'asar. Maza na haƙa, samari na kwasa a kwanduna, mata na kawo ruwan abre, wani jiƙon dawa mai tsami, a ƙwarya. Ƙura ta shiga haƙori, ta shiga kunne. Hannun Ɗayyabu ya yi bororo ya fashe tun a farkon aikin, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Maƙwabcina Tanko, mai awaki, mutum ne mai kaifin baki. Yakan ce, “Ku dubi hannun jami'a. Diktor, ka sa shi a kwalba kada ya ruɓe.” Ɗayyabu ya yi dariya tare da kowa. Da muka kai ga danshi, har ƙasa ta fara manne wa diga, sai Baba Abakar ya sauko ramin da sandarsa, ya dangwali lakar ya shinshina. Ranar nan ya yanka ɗan akuya.

Ɗayyabu ya koma Hartum, ya ce zai dawo da kaka ya ga abin da ruwa ya kawo.

Daminar ta makara. Hadari ya haɗu ta kudu maso gabas, ya yi baƙi, ya turo iska mai ƙamshin ruwa, mu fito da kwanoni, sai ya wuce. Muka shuka dawa, ta fito, ta kai gwiwa, ta tsaya. Wasu suka sake shuka. Wadda ta yi ƙoƙari ta kai ƙugu, sai ganyenta ya naɗe, kanta ya fito ba nauyi. Bahar ma bai cika ba. Akwai wata saiwar tsamiya a gaɓa da ruwa ke rufewa kowace shekara. A waccan shekara ta kwana ta wuni a fili. Tabkunan ƙauyukan da ke kusa da mu ba wanda ya ga ɗigo. Namu kaɗai ruwa ya shiga, ta hanyar da muka haƙa, a hankali, ja kamar shayi da madara. Muka tsaya bakin hanya muna kallon bayan kifi na wucewa.

Da kaka ta yi, rumbuna ba su ko kai rabi ba. Azumi ya kama. Ɗayyabu ya dawo a farkon watan. Na kai shi cikin tabkin, ya sa wata 'yar koma ya ɗago, sai ga 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa da na kawara suna walƙiya, kowane bai fi ɗan yatsa ba. Ya auna kaɗan, ya sa kaɗan a kwalba, ya mai da sauran. Ƙarƙashin jirgin kuwa manyan tarwaɗa ne ke juyi, ina ganin ruwa na kumbura. Shi 'ya'yan yake kallo, ni iyayen.

Baba Abakar ya yi shela: ba su sai bayan Sallah, in ƙananan sun gama fita.

Ga yadda kwanakin suke a gidana. Hawwa na goyon ɗiyarmu Zahra. Da sahur mu sha kunu tsararo, ta ba ni mai kaurin, ta ce ita ta riga ta sha. Na san ba ta sha ba, ban matsa ba. Da safe in tafi bahar, in jefa taru har rana ta ɗaga, in dawo da 'yan kurungu da ba su cika tafin hannu ba, wata rana ba ko ɗaya. Ita kuma ta auna dawa da ƙaramin kwano, ta niƙa, ta duba abin da ya rage a tukunya, ta rufe da sauri kamar kallon ne ke rage shi. Da azahar ƙauye ya mutu. Kowa ya jiƙa zane ya lulluɓa ya kwanta ƙarƙashin rumfa. Ba abin da ake ji sai kukan Zahra, wanda shi ma ya zama siriri, don nono ya ja baya. Da la'asar Hawwa ta ɗora tukunya, ta kaɗa busasshiyar kuɓewa da gishiri, ta tuƙa tuwo.

A ƙasar nan maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a kan hanya, kowane gida ya fito da tirensa, a haɗa, baƙo ya wuce a tare shi. Al'ada ce mai kyau, amma a shekarar yunwa tana tona asiri, don kowa na ganin tiren kowa. Wata magariba na ajiye nawa, Tanko ya buɗe murfin, ya sa cokali ya juya miyar, ya ce, “Jama'a, ku zo ku ga miyar masunci. Ko ƙaya babu. Haruna, kifin na can yana karatu wurin ƙanin matarka, kai kana nan kana lasar ruwan kuɓewa.”

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar masu yunwa. Ɗayyabu ya ce, “Ku ƙara haƙuri kaɗan, Baba Tanko. Bayan Sallah har awakinka sai sun gaji da kifi.” Ya turo mini kwanon gidansu. Ban sa hannu ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Zahra na yi abin da na yi. Akwai wannan a ciki. Amma in don ita kaɗai ne, da na je wurin Baba Abakar na ce ɗiyar ɗiyarka na jin yunwa, kuma na san da ya ba ni izinin ƙugiya ɗaya ko biyu. Ban je ba. Abin da ya fi cina shi ne, yaron da na koya wa tuƙa jirgi shi ke faɗa mini ranar da zan kama kifi, kuma a gabansa aka buɗe tirena.

Shekarar da ta gabaci waccan na je tsinkar auduga a Jazira, wajen Kamlin. A can na ji 'yan ƙwadago na cewa in aka ɗiga maganin tsutsar auduga a magudanar ruwa, kifi na tasowa da kansa, in aka cire ciki da wuri ana ci. Na dawo da ragowar wani gwangwani, na ce don gara da kunama, na soke shi cikin jinkar garken awaki.

Wata rana da azahar na ɗauko shi, ina azumi. Ba kowa a hanya. Na zagaya ta gabashin tabkin, nesa da mashaya, inda wani babban kututturen bagaruwa ya faɗa cikin ruwa, wurin da manyan tarwaɗa ke fakewa. Na ce a raina lungun nan kaɗai zai taɓa. Da na buɗe, warin ya buge ni, kamar kananzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Na tsiyaya kaɗan, ya yi fari a ruwa kamar madara. Na jira, ban ga komai ba. Sai na juye sauran duka. Wani ya fantsamo mini a riga.

Ban yi tunanin cewa ruwan shekarar nan kaɗan ne ba, kuma ya riga ya ja baya. Ba a jima ba, manyan suka fara tasowa suna buɗe baki, suna juyi a gefe guda. Sai na ga ba a lungun kaɗai ba ne. Can gaba ma ruwa na motsi, can gaba da nan ma. Ƙananan suka taso kamar an watsa shinkafa. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na binne gwangwanin cikin laka, na koma gida na kwanta na lulluɓa.

Washegari tabkin fari ne fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. Belbela da shamuwa sun faɗi a bakin ruwa. Awakin Tanko da suka sha da yamma sun kwana suna kumfa, da yawa ba su tashi ba. Mata suka tsaya nesa da hannu a ka. Ɗayyabu ya shiga ruwan har gwiwa, yana ɗibar 'ya'yan kifi a tafin hannu yana dubawa yana saki. Sai ya ɗago ya ce, “A toshe bakin. Yanzu, kafin ya kai bahar inda ake ɗiban ruwan sha.”

Mu da muka haƙa hanyar da bazara, mu muka cike ta, da azumi a bakinmu, da digogin nan da kwandunan nan. Ba waƙa, ba wasa. Ni na fi kowa aiki ranar nan, har wasu suka yaba mini.

Da rana ta dafa kifin, wari ya rufe ƙauye. Ƙudaje suka yi baƙi a jikin bango. Magaribar nan an shimfiɗa tabarmi, amma ba wanda ya iya haɗiye loma.

Bayan kwana biyu aka taru bakin masallaci. Mata masu wanki sun ga Ɗayyabu da safiyar ranar da kifin ya fara mutuwa yana ɗauraye kwalabensa a mashaya, ta yamma. Kowa kuma ya san warin farin ruwansa. Tanko ya miƙe, idonsa ja, ya ce, “Tun kakanninmu ake su a tabkin ga, bai taɓa mutuwa ba sai da aka kawo mana kwalabe.”

Ɗayyabu ya ce, “Baba Tanko, abin da ke cikin kwalabena ko duka na juye ba zai yi wannan ba. Wannan maganin auduga ne. Ku je gabas ku shinshina. Daga can ya fara, ba daga mashaya ba.”

“Ko'ina wari ne yanzu, mi za mu shinshina? Rabin garin ga na zuwa Jazira. Wa kake nufi? Nuna mana musulmin da zai zuba guba a ruwa yana azumi.”

Ɗayyabu ya dubi mutane, ya rasa wanda zai nuna. Ni bai ko dube ni ba. Bai kawo ni a ransa ba.

Sai Baba Abakar ya ce, “Haruna, kai ka yi yawo da shi. Faɗi abin da ka gani.”

Da na yi shiru ma, da da sauƙi. Na ce, “Baba, na sha ganin yana wanke su a tabkin. Ruwan nan kuwa, kifi ba ya rai a cikinsa.”

Baba Abakar ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce awakinsa duka na Tanko ne, a madadin waɗanda suka mutu. Ya ce ya ajiye sarautar ruwa, a nemi wani. Ya juya wajen ɗansa, bai dube shi a ido ba, ya ce, “Gobe akwai lori. Ka yi Sallah a Hartum.”

Ni na ɗaukar masa akwatin zuwa bakin hanya. Ya yi nauyi kamar yadda ya zo. Ya ce, “Yaya Haruna, ka kula da Yaya Hawwa. Ka riƙa zuba wa 'yan bagaruwan nan da muka shuka ruwa in ka samu hali.” Na ce to. Ban zuba ba, sun bushe.

Rigar da maganin ya fantsama wa, Hawwa ta wanke ta ta sake wankewa, ta shanya ta a bayan ɗaki inda ba a shanya. Ba ta tambaye ni ba, ranar nan ko bayanta. Na zauna da ita shekaru masu yawa ban san iyakar abin da ta sani ba, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Sallar shekarar ba nama, ba kifi. Da sanyi ya shigo, rabin maza suka tafi tsinkar auduga tun kafin lokaci, har da ni. Zahra ta rayu da madarar wata akuya da Tanko ya aiko mana, cikin waɗanda Baba Abakar ya ba shi. Na karɓa na yi godiya.

Ba wanda ya sake yarda a haƙa bakin. In aka tayar da maganar sai a ce, a'a, mun gani. Rairayi ya ƙaru, tabkin ya zama fili. Yau albasa ake nomawa a ciki da injin ban ruwa, kifin da muke ci kuwa daga kasuwar Sinja ake kawo shi a mota. Ɗayyabu ba shi da abin da zai kai wa malamansa sai kwalabe kaɗan da labarin mutuwa. Na ji an ce masa ya sake aikin a wani wuri, bai sake ba. Ya bar jami'a, ya yi aiki a masaƙar Hasahisa, daga baya ya zama malamin makaranta a can. Ƙauye bai ƙara ganinsa ba sai a mutuwar ubansa, sai kuma ta Hawwa bara. Duka biyun ya zauna a gefe, ya yi kwana uku ya tafi.

A tsakiyar azumin bana wasu ɗalibai suka zo, 'yan mata biyu da saurayi, da huluna da kwalabe. Suna zagaya tsofaffin tabkunan bakin bahar, suna neman sanin ko akwai wanda za a iya raya shi. Aka kawo su wurina don ni ne tsohon masuncin da ya rage. Ɗan Tanko ne ya rako su. Tanko kansa ya daɗe da rasuwa. Ɗaya yarinyar, Bahaushiya ce daga wajen Sinja ko da yake Larabci ya fi mata sauƙi, ta ce, “Kaka, yaushe tabkin nan ya daina kifi?”

Kafin in buɗe baki ɗan Tanko ya ce, “Ai wani ɗan jami'a irinku ne ya kashe shi. Ɗayyabu sunansa. Ya zuba magani, har awakin babana suka mutu. Kowa ya sani.”

Ba a haife shi ba lokacin. Na ga yarinyar ta fara rubutawa. Na ce, “Ɗiyata, ɗaga hannunki. Kada ki sa sunan nan.” Na gaya musu abin da na rubuta a nan. Da magariba na sake faɗa a kan tabarmi, gaban mazan unguwa, kafin a sa hannu a tire. Yanzu tirori cike suke, har da ƙanƙara a ruwan sha. Ɗan Tanko ya tashi ya koma ɗaya tabarmar.

Da gari ya waye na hau mota zuwa Hasahisa. Na isa bayan la'asar. Na sami Ɗayyabu zaune a gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya, kansa fari, da tabarau mai kauri. Ya miƙe ya ce, “Yaya Haruna? Lafiya? Wa ya rasu?”

Na ce, “Ba wanda ya rasu.”

“To zauna. An kusa kiran salla, sai mu sha ruwa.”

Na ce a'a, da bakin azumi na yi maganar farko a ƙofar masallaci, da shi nake so in yi wannan. Na zauna a ƙasa. Na faɗa masa tun daga tiren har gwangwanin. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, “Ta wane gefe ka zuba?”

“Ta gabas. Wajen kututturen da ya faɗa ruwa.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Na ce musu daga gabas ya fara.” Sannan ya ce, “Ka san na yi shekaru ina lissafin abin da ya rage cikin kwalaben a safiyar nan? Karatuna ya gaya mini ba zai iya kashe tabkin ba. Amma in gari duka ya ce kai ne, har ubanka, sai ka fara cewa ko dai.” Ya mai da tabarau. “Baba ya tafi yana ganin ni ne.”

Cikin gida ana jera kwanoni, wani masallaci can nesa ya fara gwada lasifika. Na matsa na kama ƙafarsa, ya so ya janye, ban saki ba.

Na ce, “Ɗayyabu, ni na zuba gubar, ni na ɗora maka, ni kuma na ɗaukar maka akwati. Na raba ka da karatunka, da garinku, da ubanka. Ba abin da zan iya mayar maka. Na faɗa a gaban mutane jiya, zan sake faɗa a filin idi. In ba ka yafe ba, ba ka zalunce ni ba. Amma na zo roƙo. Don Allah ka yafe mini.”